Rubutun da Kawu Ya Daina Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi bayan gajeriyar jinya, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Tun da aka dawo daga maƙabarta layin gidansa da ke Unguwar Sarki bai rabu da mutane ba har aka tashi zaman makoki.

Hedimastan firamare ne har ya yi ritaya, saboda haka akasarin waɗanda suka cika tabarmin ƙofar gida ɗalibansa ne, wasunsu har da furfura. Yayana da ke zaune a waje tare da maza shi yake shigo mana da abin da ake faɗa. Ya ce wani dattijo mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa ya zauna yana share hawaye da hannun riga, yana cewa har gobe idan zai rubuta sunansa sai ya ji kamar Malam na tsaye a bayansa. Wani ya ce Malam ya taɓa korarsa gida saboda ƙazamin farce, da yamma kuma sai ga Malam a zaurensu da reza a aljihu, ya zaunar da shi ya yanke masa da kansa.

A cikin gida mata na ta shigowa suna durƙusawa gaban matarsa, wadda muke kira Inna. "Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi?" Tana amsawa a hankali. Umma, mahaifiyata, tana kusurwar ɗaki da carbi a hannu, ba kuka ba magana.

Washegari da rana, muna zaune, matar maƙwabcinsu ta ce, "Allah sarki Malam. Maigidana yana cewa yanzu wa zai riƙa karanta wa saƙo bayan sallar asuba? Kullum sai ya miƙo masa waya, ya ce ya manta tabarau a ɗaki."

Matar mai kemis na bakin layi ta ɗago kai. "Ikon Allah. Ai namu ma yana karanta masa. Shi ce masa yake ƙafar tabarau ɗin ta karye."

Da yamma yayana ya shigo ya ce ladanin masallaci ma ya faɗi irin wannan magana a waje. Mutum uku ke nan, kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne. Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin hijabinta. Ni kuma na san wani abu da zai haɗu da nasu ya zama magana guda.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe. Dogo ne siriri, kuma bayan ritayarsa ma ba a raba aljihunsa da guntun alli. Idan ya ga allon shago an rubuta ƙ babu ƙugiya, sai ya tsaya, ya yi sallama, ya nemi izinin mai shago ya gyara. Yana cewa, "Harafi ma yana da haƙƙi." Wasu su yi dariya, wasu su ba shi kujera ya taka.

Ba zan ce ba shi da nasa ba. Taurin kai gare shi, kuma bai iya neman taimako ba. Ya gwammace ya ɗauki buhun masara shi kaɗai ya kwana da ciwon baya da ya ce wa wani kama min. A wajen launi kuwa, Allah ya jiƙansa, bai san abin da ya dace da wani ba. Ya shafa wa zaurensa fenti ruwan ɗorawa, ƙofa kore shar, tagogi ja. Inna ta yi mita har ta gaji. Ya ce, "To wa ya taɓa ɓacewa yana neman gidana?"

Shi ne shugaban taron zumuncin danginmu. Mun warwatsu, wasu a Zariya, wasu a Kano, wasu a Abuja, kuma a rukunin hirarmu na waya sanarwar suna ko ta rashin lafiya takan nutse a tsakanin gaisuwar Juma'a da bidiyon barkwanci. Ni aikina gina manhajojin waya ne, a wani ƙaramin kamfani a Abakpa. Wata rana Kawu ya ce, "Uwata, wannan aikin da kike yi wa bare, ki yi wa gida mana. Ki gina mana wuri namu, inda magana za ta zauna inda aka ajiye ta."

Na gina a lokutan hutuna. A ƙasan fuskar waya na jera madannai huɗu da za su kai mutum ko'ina a ciki: Gida, Sanarwa, Dangi, Hotuna. A sama kuma sunan shafin da kake ciki, da kibiyar komawa baya. Na yi masa bayani cewa launuka da salon rubutun waɗannan duk a wuri ɗaya ake tsara su, idan aka canza a can sai manhajar gaba ɗaya ta canza kama. Ya gyaɗa kai. "Wato riga ke nan."

Salon rubutun da na fara zaɓa siriri ne mai kyan gani, amma waɗanda suka zana shi ba su san da Hausa ba. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya faɗo sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa. Don in huta, na cire ƙugiyoyin. Saƙon gwaji na farko da na tura masa ya ce baki za su iso daga Zariya ranar Asabar. Ban ajiye wayar ba ya kira.

"Uwata, bakin wa zai iso daga Zariya?"

"Baƙi nake nufi, Kawu."

"Oho. Na ɗauka baki ne zai taho shi kaɗai, ba kai ba wuya. Ki zo da kwamfutar taki ranar Asabar."

Muka wuni a zaurensa. Ya ba ni jimlar jarrabawa: ɗan ƙaramin ɓera ya ɓoye a ƙarƙashin ɗakin 'ya'yan Ɗanladi. Ina canza salon rubutu ɗaya bayan ɗaya, yana kallo. Wanda ya fitar da akwati ya ce, "Ya faɗi." Wanda ya aro ƙugiyar daga wani salon har harafin ya fita dabam a cikin kalma ya ce, "Wannan satar amsa ya yi." Da la'asar muka sami wani mai kauri wanda ya kawo su duka lafiya. Sai muka zo kan launi. Ya ce a yi fagen baƙi, rubutu fari, kamar alli a kan allo. Madannin da mutum yake kai ya zama ruwan ɗorawa. Idan an sa sabuwar sanarwa, jan ɗigo babba ya fito a kanta. A raina na ce zauren Kawu ya shigo waya. Amma na yi masa yadda yake so.

Ranar da zan nuna wa dangi a wurin taro, na danna manhajar ta buɗe ta rufe kanta. Na sake, ta sake rufewa. Wani cikin manya ya ce, "Ai da ma wasan yara ne." Aka yi dariya. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranar da na fara shiga aji, na juya zan yi rubutu alli ya karye, yara suka fashe da dariya. Na sunkuya na ɗauki guntun na ci gaba. Uwata, ɗauki guntun." Na gano matsalar, na gyara a gabansu. A wannan zaman ya kafa doka: duk abin da aka sa a Sanarwa, an faɗa wa kowa ke nan. Kuma daga ranar, ko me aka sa, shi ne farkon mai amsawa da "Madalla."

An daɗe ana amfani da ita a haka. Sai matasan dangi suka fara ƙorafi, wai manhajar ta yi kama da keke napep, suna jin kunyar buɗe ta a gaban abokansu. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina son abin da zan nuna a wurin aiki in yi alfahari. Aka kawo maganar taro, aka ɗaga hannu, matasa suka yi rinjaye. Na ɗinka sabuwar riga irin ta yayi: farin fage, siririn rubutu toka-toka, madannin da ake kai shuɗi mai haske, jan ɗigon nan ya koma ɗan ƙaramin shuɗi. Ƙugiyoyin harufa na tabbatar suna nan, don na san su zai fara dubawa.

Na kai masa har zaure. Ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo.

"An wanke rigar nan ne har ta koɗe?"

"Haka ake yayi yanzu, Kawu."

"Ina layin ƙasa ya tafi?"

"Ga shi nan a gabanka."

"A'a, nuna min dai."

Na kama yatsarsa na ɗora. "Wannan Gida. Na biyu Sanarwa."

"Na biyu daga hagu," ya maimaita. Ya sake taɓawa. "Na biyu daga hagu."

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin ta malamai. Shi ma ya murmusa ya ce, "To, rinjaye ya yi halinsa. Ni na koya muku ƙuri'a." Bai ce komai a kan ƙugiya ba. Mutumin da ya wuni yana yi wa harufa jarrabawa bai dube su ba ko sau ɗaya, ni kuma na koma gida ina murna na ci.

Bayan wani lokaci na lura Hotuna aka fi buɗewa, sai na matso da shi wuri na biyu, Sanarwa ta koma ƙarshe. Abu ne da muke yi kullum a wurin aiki. Na sanar da dangi canjin, a cikin Sanarwa.

Ana cikin haka bikin ƙanena ya taso, autan Umma. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Kawu ya ba da shawarar a jira yaron ya sami aiki tukuna, Umma ta ce a'a, aka ɗan ja, ya haƙura. Saura kwanaki kaɗan dangin amarya suka dawo da ɗaurin auren daga bayan azahar zuwa hantsi, saboda limaminsu zai yi tafiya. Aka sa a Sanarwa. Amsoshi suka yi ta shigowa, babu wanda ya lura babu "Madalla" a cikinsu. Babu kuma wanda ya ga dalilin kiran mutumin da ya kafa dokar. Inna tun jajibiri tana gidanmu wajen aikin biki, ita ma ta ɗauka ya sani.

Daga baya maƙwabcin nan ya gaya wa yayana yadda aka yi. Ya ce a kwanakin Malam yakan danna wani wuri a wayar ya miƙo masa ya ce, "Duba min, akwai sabon abu?" Shi kuma ya duba ya ce, "Hotuna ne kawai, Malam."

Ranar ɗaurin aure aka yi ta kiransa, wayar na ɗaki a caji, shi ya tafi aski da karɓo rigarsa daga wajen mai guga. Bayan azahar keke ya sauke shi a ƙofar gidan su amarya a Abakpa, cikin babbar riga sabuwar guga. Ya tarar ana naɗe rumfa, ana loda kujeru a mota.

Da yamma ya zo gidanmu. Ina tsakar gida lokacin da Umma ta tare shi.

"Yaya, da ka ce ba za ka zo ba ai da ya fi."

"Makara na yi."

"Kai? Kai da kake riga kowa gani? Baffannin yaron sun karɓi auren, amma kai ya yi ta waiwaye yana nema. Maraya ne fa, Yaya. Ko don na ƙi shawararka?"

Ya cire hula ya mayar. Sannan ya ce, "Ki yi haƙuri. Laifina ne." Ya sa wa ango albarka ya fita.

Umma ta ɗauke ƙafa daga Unguwar Sarki. Da Sallah ta je, aka gaisa a tsaye, ta dawo. Shi kuma a taron da ya biyo baya ya sauka daga shugabanci, ya ce tsufa ya zo. Ni ina zuwa gaishe shi lokaci lokaci. Na taɓa ganinsa yana zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ya matsa. Na taɓa tarar da shi a bakin layi ya wuce wani sabon allon shago da aka rubuta ɗinki babu ƙugiya, bai ko waiwaya ba, na ce a raina Kawu ya yi sanyi. Duk na gani. Kowanne na ba shi suna na wuce.

Da ya faɗi aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cinsa, har ya taɓa ƙoda. Kwanaki kaɗan ya yi aka dawo da shi gida, a nan ya cika. Maganar ido babu wanda ya tayar da ita sai a zaman makokin nan.

Da mutane suka ragu na sami Inna ita kaɗai a ɗaki. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, Kawu ba ya gani, ko?"

Ta ce, "Yana ganin babban abu, da abu mai duhu a kan haske ko mai haske a kan duhu. Sauran duk hazo ne. Ya sa na yi masa alkawari. Ya ce mutumin da ya koya wa rabin unguwa karatu ba za a ja shi da sanda a unguwar ba. Na ce mu je asibiti, ya ce sai bayan azumi. Bayan azumi ya ce sai bayan damina."

"Ranar bikin fa?"

"Da muka dawo na roƙe shi ya bar ni in gaya wa Ummanku. Ya ce gara ta yi fushi da shi da ta ji tausayinsa, wai fushi yana wucewa." Ta share ido. "Na riƙe masa amana. Yanzu ban san ko riƙewar alheri ce ba. Kullum sai na yi istigfari a kanta."

Na ce, "Da ya gaya min, ai da na mayar masa da tsohuwar rigar manhajar. Aikin yini ɗaya ne, Inna."

"Na ce masa haka. Ya ce ke ce ma bai yarda a gaya wa ba, don za ki ce laifinki ne. Ya ce yarinya ta yi aikinta, idonsa ne bai yi nasa ba."

Ban san Umma na bakin ƙofa ba sai da na ji labule ya motsa. Ba ta shigo ba. Ta ɗauki buta ta zagaya, ta daɗe ba ta fito ba. A hanyarmu ta komawa gida ta ce, kamar da kanta take magana, "Na ce masa maraya ne. Na tuna masa, kamar bai sani ba."

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Babu wanda ya ɗora mini komai. Amma maƙwabci saƙo kawai ya karanta masa, mai kemis ma haka. Ni kuwa na riƙe yatsarsa a hannuna, na ji yana haddace wurin da ido ya kamata ya nuna masa, na yi dariya. Watannin da suka rage masa a duniya ya yi su ƙanwarsa na fushi da shi. Idan na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

Na koma kan manhajar. Na sa kowa ya iya zaɓar rigar da idonsa ke so, baƙa ko fara, ya kuma ƙara girman rubutu yadda ya ga dama. Na mayar da Sanarwa wurinta, na yi niyyar ba zan sake matsar da ita ba. Abin ya ɗauke ni daga azahar zuwa magariba. Sauƙinsa ne ya fi yi mini ciwo.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata yamma Umma na tsintar wake a tsakar gida, ta miƙo mini wayarta ba tare da ta dube ni ba.

"Ƙara min girman rubutun nan."

Na ƙara na ba ta. Ta nisanta wayar, ta matso da ita. "Ƙara."

Na sake ƙarawa. Ta sake cewa, "Ƙara kaɗan."

Na kife wayar a kan tabarma. Na dubi farantin waken, na ga tsakuwoyi a ɓangaren da ta ce ta gama.

"Umma, tun yaushe?"

"Hasken yamma ne kawai yake..." Sai ta tsaya. Ta ajiye farantin. Wata kaza ta zo ta fara tsattsagar waken, babu wanda ya kore ta. Can ta ce, "Tun kafin azumi."

Da safe na ɗauki hutu a wurin aiki muka tafi asibitin ido. Aka zaunar da ita gaban allon harufa, aka rufe mata ido ɗaya. Ta karanta na sama. Ta karanta na biye da shi da ƙyar. Da aka zo na uku na ga leɓenta na motsi, tana shirin cinka. Sai ta gyara zama ta ce da ƙarfi, har na layi suka ji, "Likita, wannan ba na ganinsa." Aka auna ta, aka sami yanar ido da kuma suga da ya fara hawa. Likita ya ce an zo da wuri.

Da muka fito ta ce wa mai keke Unguwar Sarki. Muka sami Inna a ɗakin takaba. Umma ta zauna a gefenta ta gaya mata duk abin da likita ya ce, ba ta rage komai ba. Inna ta riƙe hannunta. A nan ne Umma ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar, Inna na taya ta, ni kuma na fita zaure na ba su wuri.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci ya cika shi da haske. Allah ya sa karatun da ya koyar ya riƙa isa gare shi. Ya ba Inna da Umma haƙuri, mu kuma ya yafe mana abin da muka gani da idonmu muka wuce. Amin.